Yadda ake shawo kan kuskure 1064 da MySQL Workbench ke haifarwa idan aka mayar da zane zuwa rumbun bayanai

Mutum ya zauna ya zana tsarin rumbun bayanansa a MySQL Workbench, ya jera teburori, ya ja layukan alaƙa tsakaninsu, komai ya zauna daidai a ido. Ya shiga Database, ya latsa Forward Engineer domin zanen ya koma rumbu na gaske, sai aikin ya tsaya a tsakiya da jan rubutu: Error 1064, wai akwai kuskure a rubutun SQL. Abin da ke ɗaure kai shi ne ba shi ya rubuta SQL ɗin ba, manhajar ce ta rubuta da kanta, kuma abin da ta rubuta ne sabar ta ƙi karɓa. Wannan na yawan samun ɗalibai da masu gina shafuka da ke aiki da XAMPP, manhajar da ke kafa saba a kan kwamfutar mutum, da waɗanda ke ɗora aikinsu a masaukin intanet mai cPanel, wato shafin sarrafa masaukin. Zanenka lafiyarsa lau. Manhajar ce ta ɗauka da wata saba take magana alhali wata ce daban a gabanta.

Daga ina matsalar ta fito

A watan Afrilun 2018 ne MySQL 8.0 ta fito ga kowa da kowa, kuma ta zo da wani sabon abu: ana iya ɓoye fihirisa, wato INDEX da ke saurin nemo bayani a tebur, ta yadda tana nan ana ci gaba da sabunta ta amma sabar ba za ta yi amfani da ita wajen bincike ba. Amfaninsa shi ne a gwada ko za a iya rabuwa da fihirisa kafin a goge ta gaba ɗaya. Don haka aka ƙaro kalmomi biyu, VISIBLE da INVISIBLE. Workbench ta jerin 8.0 tana ɗauka kai tsaye cewa MySQL 8.0 za ka ɗora wa zanenka, sai ta liƙa VISIBLE a ƙarshen kowace fihirisa, ko ka nema ko ba ka nema ba. Ba ta tambayar sabar da ka haɗa ta da ita ko ta san kalmar. Lambar sigar da ke cikin saitinta kawai take bi.

MySQL 5.7 da na ƙasa da ita ba su san wannan kalma ba. MariaDB 10.4 da na ƙasa da ita ma haka. A nan ne masu XAMPP ke faɗawa tarko, domin a allon XAMPP an rubuta MySQL kusa da maɓallin Start, amma tun 2015 abin da ke ciki MariaDB ce, reshen da Michael Widenius ya cire daga MySQL a 2009. XAMPP 8.2.12 na Windows, alal misali, da MariaDB 10.4.32 yake zuwa. Sai daga jerin 10.5 ne MariaDB ta fara karɓar VISIBLE ba tare da gardama ba.

Ga misalin abin da Workbench ke fitarwa idan aka zana teburin ɗalibai da aka haɗa da teburin aji:

```sql
CREATE TABLE IF NOT EXISTS `makaranta`.`dalibi` (
  `iddalibi` INT NOT NULL AUTO_INCREMENT,
  `suna` VARCHAR(80) NOT NULL,
  `aji_idaji` INT NOT NULL,
  PRIMARY KEY (`iddalibi`),
  INDEX `fk_dalibi_aji1_idx` (`aji_idaji` ASC) VISIBLE,
  CONSTRAINT `fk_dalibi_aji1`
    FOREIGN KEY (`aji_idaji`)
    REFERENCES `makaranta`.`aji` (`idaji`))
ENGINE = InnoDB;
```

Lura da cewa layin PRIMARY KEY ba shi da kalmar. Shi ya sa tebur na farko, wanda yawanci babban makulli kaɗai gare shi, yake wucewa lafiya, sai an iso tebur mai UNIQUE ko mai makullin alaƙa, wato FOREIGN KEY, sannan a ci karo. Kai ba ka ƙirƙiri fihirisar nan da hannunka ba. Duk lokacin da ka ja layin alaƙa tsakanin teburori biyu, Workbench na ƙirƙiro ta da kanta ta sa mata suna mai ƙarewa da _idx.

Fara tabbatar da cewa ita ce

Kada ka taɓa komai kafin ka san sabar da kake magana da ita. Buɗe phpMyAdmin, shafin sarrafa rumbu da ke zuwa da XAMPP da cPanel, ko shafin tambaya na Workbench ka rubuta:

```sql
SELECT VERSION();
```

Idan amsar ta fara da 5.7 ko 5.6, ko ta zo kamar 10.4.32-MariaDB, to ka kama bakin zaren. Idan kuwa ta ce 8.0 wani abu, VISIBLE ba ita ce matsalarka ba, kuskuren 1064 ɗinka daga wani wuri yake, galibi darajar DEFAULT da aka rubuta ba daidai ba ko VARCHAR da aka bari ba tsawo.

Sai ka karanta saƙon kuskuren da kyau, musamman abin da ya biyo bayan kalmar near. A MySQL 5.7 saƙon kan nuna VISIBLE ƙarara. A MariaDB 10.4 kuwa yakan nuna abin da ya biyo bayanta ne, wato waƙafi da CONSTRAINT, ko baka mai rufewa, wato alamar ), da ENGINE = InnoDB. Dalili shi ne MariaDB tana yarda a rubuta wa fihirisa ƙarin zaɓi mai siffar suna da alamar daidai da daraja, sai ta ɗauki VISIBLE a matsayin irin wannan suna, ta jira alamar daidai, ba ta gan ta ba, sai ta koka a kan harafin da ya zo a madadinta. Wannan ya sa mutane da yawa ke ɓata sa'o'i suna gyara makullin alaƙa ko suna canza InnoDB zuwa wani abu, alhali laifin yana kalma ɗaya kafin wurin da aka nuna. Duk inda saƙon ya nuna, ɗaga ido ka duba kalmar da ke gabansa.

Wata alama kuma: lokacin da ka haɗa Workbench da XAMPP, ta nuna maka gargaɗi cewa sigar sabar ba wadda ta sani ba ce, ka latsa Continue Anyway ka wuce. Gargaɗin gaskiya ne. Oracle ba ta gina Workbench domin MariaDB ba, zane da fitar da SQL suna aiki, amma kai ne za ka riƙa lura da bambance-bambancen.

Kwafin ajiya kafin gyara

Rufe zanen, je inda fayil ɗin .mwb yake, ka kwafe shi da wani suna mai kwanan wata. Workbench na ajiye wani fayil mai ƙarewa da .mwb.bak a gefe, amma na ajiyar da ta gabata ne kawai, kuma idan ka yi ajiya sau biyu bayan ka ɓata abu, shi ma ya ɓaci. Idan rumbun da ke kan sabar yana da bayanai na gaske a ciki, fitar da shi ta Export na phpMyAdmin tukuna. Wasu matakai a ƙasa suna goge tebur, kuma abin da DROP ya tafi da shi ba ya dawowa.

Gyara na ainihi: faɗa wa manhajar sigar da kake nufi

Akwai wurare biyu da ake saita wannan, kuma rashin sanin haka ne ke sa wasu su ce sun gyara amma kalmar ta ƙi tafiya.

Na farko saitin manhajar gaba ɗaya ne. A Windows da Linux shiga Edit, sai Preferences. A Mac yana ƙarƙashin sunan manhajar a saman allo. A hagu ka buɗe Modeling, ka zaɓi MySQL. Za ka ga akwati mai suna Default Target MySQL Version, da lamba mai farawa da 8.0 a ciki. Goge ta ka rubuta 5.7.30, ka latsa OK. Ko da MariaDB 10.4 kake aiki, lambar 5.7 za ka rubuta. Kada ka rubuta 10.4.32, domin manhajar lambobi kawai take kwatantawa, kuma 10 ta fi 8, za ta ɗauka sabarka ta fi 8.0 sabunta ta ci gaba da saka VISIBLE.

Na biyu saitin zanen ne shi kansa. Da zanen a buɗe, shiga Model, sai Model Options, ka zaɓi MySQL a hagu. A ƙasan tagar akwai akwatin Use defaults from global settings. Idan da alamar zaɓi a ciki, zanen yana bin saitin gaba ɗaya. Cire alamar, ka rubuta 5.7.30 a Target MySQL Version, ka latsa OK, ka ajiye zanen da Ctrl da S.

Wannan na biyun ya fi muhimmanci, kuma shi ya kamata a fifita. Saitin gaba ɗaya a kwamfutarka yake zaune, ba ya bin fayil. Idan ka tura wa abokin aikinka ko malaminka zanen ya buɗe a tasa kwamfutar, saitinsa ne zai yi aiki, VISIBLE ta dawo. Wanda aka saita a Model Options kuwa cikin fayil ɗin yake, duk inda aka kai shi da shi zai tafi. Ga wanda yake da zane fiye da ɗaya, wani na MySQL 8.0 wani na XAMPP, gara ma ya bar saitin gaba ɗaya yadda yake ya riƙa saita kowane zane daban.

Bayan haka rufe Workbench gaba ɗaya ka sake buɗewa. Shiga File, Export, Forward Engineer SQL CREATE Script, ka bi matakan har shafin da ke nuna rubutun SQL kafin a ajiye. Duba layukan INDEX. Idan sun ƙare da ASC da baka da waƙafi, ba VISIBLE, gyaran ya kama.

Share abin da yunƙurin farko ya bari

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma ɓarnarsa ba ta fitowa sai bayan kwanaki. Umarnin CREATE TABLE ba ya jiran sauran su kammala, kowane tebur da aka ƙirƙira ya zauna ke nan, ko da na gaba da shi ya gaza. Saboda haka yunƙurinka na farko da ya tsaya a tsakiya ya bar rabin rumbu a kan sabar. Su kuma umarnan da Workbench ke rubutawa da IF NOT EXISTS suke zuwa, ma'ana idan teburin yana nan a wuce shi kawai. To idan a tsakanin yunƙurin farko da na biyu ka canza wani abu a zanen, kamar ka ƙara ginshiƙi a teburin aji ko ka mayar da makullinsa BIGINT, sabar ba za ta ga canjin ba. Za ta tsallake tsohon teburin shiru, ta gina sababbin a kansa, ka sami rumbun da bai dace da zanenka ba ba tare da wani gargaɗi ba.

Idan rumbun sabo ne ba komai a ciki, mafi sauƙi shi ne a goge shi duka a fara daga tushe:

```sql
DROP DATABASE makaranta;
```

A shafin zaɓuɓɓuka na Forward Engineer akwai akwatuna biyu masu yin wannan aikin, DROP objects before each CREATE object da Generate DROP SCHEMA. Suna da amfani a kwamfutar gwaji. A kan sabar da mutane ke amfani da ita kuwa kada ka kusance su, domin na farko yana goge kowane tebur da abin da ke cikinsa kafin ya sake gina shi, na biyu kuma yana tafiya da rumbun dungurungum. Manhajar tana tuna zaɓin da ka yi a baya, don haka duba akwatunan nan duk lokacin da za ka fitar, ko da jiya ka duba.

Idan fayil ɗin SQL kawai ke hannunka

Wani lokaci ba ka da zanen, fayil ɗin .sql aka turo maka. A nan sai gyaran hannu. Buɗe shi a Notepad++ ko VS Code, ka kira tagar musanya da Ctrl da H. A akwatin nema rubuta baka mai rufewa, tazara, sai VISIBLE da manyan haruffa. A akwatin musanya rubuta bakar kaɗai. Kunna Match case kafin ka latsa Replace All.

Dalilin haɗawa da bakar shi ne kalmar INVISIBLE tana ɗauke da VISIBLE a cikinta. Idan ka nemi VISIBLE tsura ka goge, duk inda aka rubuta INVISIBLE zai koma IN, ka haifi sabon kuskure 1064 da ya fi na farko wuyar ganewa. Haka kuma idan akwai ginshiƙi mai suna visible a wani tebur, wanda ba baƙon abu ba ne a teburin kayan shago ko na labarai, Match case da bakar su ne za su kare shi. A Linux ko Mac layi ɗaya ya wadatar:

```
sed 's/) VISIBLE/)/g' makaranta.sql > makaranta_gyararre.sql
```

Bayan musanyar sake neman kalmar a fayil ɗin don ganin ko wata ta rage. Idan ka tarar da INVISIBLE a kan fihirisa, wani ne ya ɓoye ta da gangan. MySQL 5.7 da MariaDB 10.4 ba su da yadda za su yi hakan, sai ka zaɓa: ko ka cire kalmar fihirisar ta koma ta yau da kullum, ko ka cire layin duka idan ba makullin alaƙa ne ya dogara da ita ba. Daga MariaDB 10.6 akwai makamancinta, amma sunanta IGNORED.

Gyaran hannu na fita kunya ne na rana ɗaya. Matuƙar zanen bai gyaru ba, duk fitarwa ta gaba da kalmar za ta zo, kuma ranar da aka manta da musanyar ita ce ranar da ake sauri.

Kuskure na biyu da ke jiran ka: 1273

Da yawa suna cire VISIBLE sai su ci karo da Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci. Tushensu ɗaya. Wannan ƙa'idar jera haruffa ita ce ta asali a MySQL 8.0, kuma 5.7 da MariaDB 10.4 ba su san ta ba. Takan shigo zane ne idan an ɗebo shi daga sabar 8.0 ta hanyar Reverse Engineer, wato mayar da rumbu zuwa zane, domin a lokacin kowane tebur yana zuwa da tasa a rubuce. Canza lambar siga ba ya cire ta, tunda an riga an rubuta ta a jikin teburorin.

Ana saita ta a matakai uku: a rumbu, a tebur, a ginshiƙi. Ta rumbu tana shafin MySQL Model, ka latsa sunan rumbun sau biyu a ƙarƙashin Physical Schemas, ka canza Charset/Collation zuwa utf8mb4 da utf8mb4_unicode_ci. Ta tebur tana saman editan tebur, wani lokaci sai ka latsa ƴar kibiyar da ke gefen dama kafin ta bayyana. Ta ginshiƙi tana ƙasa idan ka zaɓi ginshiƙin. Tebur biyar ko shida ana iya bi ɗaya bayan ɗaya. Idan sun kai talatin, shiga Scripting, sai Scripting Shell, ka buɗe sabon rubutun Python ka gudanar da wannan:

```python
import grt
tsoho = 'utf8mb4_0900_ai_ci'
sabo = 'utf8mb4_unicode_ci'
for s in grt.root.wb.doc.physicalModels[0].catalog.schemata:
    if s.defaultCollationName == tsoho:
        s.defaultCollationName = sabo
    for t in s.tables:
        if t.defaultCollationName == tsoho:
            t.defaultCollationName = sabo
        for c in t.columns:
            if c.collationName == tsoho:
                c.collationName = sabo
```

Kada ka dogara da Undo wajen dawo da abin da rubutu irin wannan ya canza, kwafin ajiyarka ne madogara. Ajiye zanen da hannu bayan ya gama, ka sake fitar da SQL, ka nemi 0900 a ciki don tabbatarwa.

Tunda ana nan, ga abin da ya shafi mai ajiye rubutun Hausa. Wasu idan wannan kuskure ya dame su sai su zaɓi latin1 don kawai a wuce wurin. Kada ka yi. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin latin1. Sunan ɗalibi ko na gari mai ɗauke da su ko dai sabar ta ƙi shi da kuskure 1366, ko ta mayar da harafin alamar tambaya, kuma idan ya koma alamar tambaya ya ɓata ke nan. Tsohuwar utf8 mai baiti uku, wadda Workbench ke sa wa sabon zane mai suna mydb, tana ɗaukar haruffan Hausa, amma ba ta ɗaukar emoji, kuma duk shafin da mutane ke rubutu daga waya sai emoji ya shigo. Don haka utf8mb4 ce zaɓin. Abu guda da za a kula: a MySQL 5.6 da MariaDB 10.1 iyakar fihirisa baiti 767 ce, kuma utf8mb4 tana lissafa baiti 4 ga kowane harafi, sai UNIQUE a kan VARCHAR mai tsawon 255 ya jawo kuskure 1071. A irin waɗannan tsofaffin sabobi a rage tsawon zuwa 191, wanda ya ba da baiti 764. A 5.7 da MariaDB 10.4 iyakar ta asali 3072 ce, ba damuwa.

Ɗora fayil ɗin

Ga MariaDB ya fi kyau a fitar da SQL zuwa fayil a ɗora shi daban, maimakon a bar Workbench ta tura kai tsaye. Kana samun damar karanta abin da za a gudanar, kuma fayil ɗin ya zama shaida. A phpMyAdmin shafin Import ne. A layin umarni na Windows, cikin cmd domin PowerShell ba ya karɓar alamar nan ta shigarwa:

```
C:\xampp\mysql\bin\mysql.exe -u root --default-character-set=utf8mb4 < makaranta.sql
```

Sabon XAMPP ba shi da kalmar sirri a kan root. Idan ka sa masa, ƙara -p.

A masaukin cPanel akwai ƙarin cikas. Ba a ba ka izinin ƙirƙirar rumbu da umarni ba, kuma sunan rumbunka yana farawa da sunan asusunka. Layin CREATE SCHEMA da duk wurin da aka rubuta makaranta kafin sunan tebur za su jawo kuskure 1044 ko 1142, wato an hana ka. Ƙirƙiri rumbun a cPanel tukuna. Wajen fitarwa ka zaɓi Omit schema qualifier in object names, sannan ka buɗe fayil ɗin ka cire layukan CREATE SCHEMA da USE idan suna nan. A phpMyAdmin latsa sunan rumbun a hagu kafin ka shiga Import.

Idan aka tsaya da kuskure 1005 mai errno 150, wannan ba laifin manhajar ba ne, ginshiƙai biyun da ka haɗa ne ba su dace ba: ɗaya INT ɗaya BIGINT, ko ɗaya UNSIGNED ɗaya ba haka ba, ko rubutu ne masu ƙa'idar jera haruffa daban, wanda kan faru idan gyaran 1273 ya taɓa wani tebur ya bar wani. Umarnin SHOW ENGINE INNODB STATUS yana da sashe mai suna LATEST FOREIGN KEY ERROR da ke faɗin takamaiman wurin. Errno 121 kuma yana nufin makullan alaƙa biyu suna da suna ɗaya. Sunan makullin alaƙa dole ya zama shi kaɗai a rumbun duka, ba a teburinsa kawai ba, don haka wanda ya saba sa wa kowanne fk_aji zai ci karo a tebur na biyu.

Bayan an gama ɗorawa, ƙirga. Yawan layukan alaƙa a zane ya kamata ya yi daidai da abin da wannan zai dawo da shi:

```sql
SELECT TABLE_NAME, CONSTRAINT_NAME, REFERENCED_TABLE_NAME
FROM information_schema.REFERENTIAL_CONSTRAINTS
WHERE CONSTRAINT_SCHEMA = 'makaranta';
```

Idan wani ya ɓace, duba teburinsa da SHOW CREATE TABLE. Yawanci za ka tarar ENGINE ɗinsa MyISAM ne ba InnoDB ba, kuma MyISAM yana karɓar rubutun makullin alaƙa ya yi watsi da shi ba tare da ya ce uffan ba. Wannan ne ma dalilin da ya sa wasu tsofaffin rumbuna ke fitowa a zane ba layi ko ɗaya idan aka ɗebo su.

Idan zanen kansa ne ya ƙi fitowa

Akwai wata tangarɗar daban da ke zuwa tun kafin a kai ga fitar da SQL: allon zane ya yi baƙi ko fari fat, layuka su ɓace, ko manhajar ta rufe kanta da zarar an buɗe zane. Workbench tana amfani da OpenGL wajen zana allon, kuma tsofaffin kwamfutocin hannu, da kwamfutar da ake gudanarwa a cikin VirtualBox ko ta nesa, sukan kasa. Shiga Preferences, Modeling, ka sa alama a Force use of software based rendering for EER diagrams, ka rufe ka sake buɗewa. Idan ba ta ma bari ka kai can, tashe ta daga layin umarni da -swrendering a Windows ko --force-sw-render a Linux. Zanen zai ɗan yi nauyi wajen ja, amma zai fito.

A wannan shafin kuma akwai Auto-save model interval. Ga mai aiki da kwamfutar tebur inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, a bar shi a minti ɗaya. Idan fayil ɗin ya ƙi buɗuwa bayan ɗaukewar wuta, gwada mayar da sunan .mwb.bak zuwa .mwb. Shi fayil ɗin .mwb a haƙiƙa zip ne: kwafe shi, ka buɗe kwafin da 7-Zip, za ka ga document.mwb.xml a ciki, wanda shi ne zanen duka. Idan 7-Zip ya iya fitar da wannan fayil cikakke, sunayen teburori da ginshiƙai da nau'o'insu suna nan a rubuce, ana iya sake gini daga gare su.

Wajen ɗebo babban rumbu kuma, idan abubuwan da aka zaɓa sun kai 250 manhajar kan ƙi jera su a zane ɗaya. Cire alamar Place imported objects on a diagram, bari su shigo cikin jerin teburori kawai, sannan ka buɗe zane-zane ƙanana, na kuɗin makaranta daban, na jarrabawa daban, kana jawo teburorin da suka shafi kowanne daga Catalog Tree. Layukan alaƙa za su fito da kansu tsakanin duk teburori biyu masu alaƙa da suka haɗu a zane ɗaya. Kuma da zarar ɗebowar ta kammala, kafin ka fara jera komai, shiga Model Options ka duba lambar siga, domin zanen da aka ɗebo daga sabar 8.0 shi ne ya fi kowanne zuwa da VISIBLE da 0900 tare.